RAGAR TARE TARKACE A WURIN GINI: Bayani Ga Magina, Masu Gini Da Maƙwabta

Duk wanda ya san garin Gombe kafin ranar 1 ga Oktoba, 1996, watau ranar da aka cire Jihar Gombe daga cikin tsohuwar Jihar Bauchi, ya san gidajen bene ba su da yawa a garin a wancan zamani. Da garin ya zama hedkwatar jiha sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa. Daga baya kuma mutanen da rikicin Arewa maso Gabas ya raba da gidajensu a Borno da Yobe da Adamawa suka ƙaru a kai. Fili ya yi tsada, saboda haka mai ƙaramin fili ya koma neman sarari a sama.

Pantami tana ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Gombe, kuma a nan ne babban filin wasan da aka gina a zamanin Gwamna Danjuma Goje yake. Unguwa ce mai cunkoson jama'a, gida manne da gida, shago manne da shago. In mutum ya tashi ɗora hawa na biyu ko na uku a kan gininsa a irin wannan unguwa, ba a daji yake aikin ba. A ƙarƙashin bangon da birkila yake jera bulo akwai lungun da yara ke bi zuwa makaranta, akwai mai shayi da bencinsa, akwai tsakar gidan maƙwabci inda mata ke girki. An ɗauki Pantami misali ne kurum. Abin da za a faɗa a kanta ya shafi Fagge a Kano, da Tudun Wada a Zariya, da Sabo a Ibadan, da kowace unguwa inda gini ke tashi a kan mutane.

Maƙasudin wannan ɗan littafi shi ne a bayyana wa jama'a amfanin ragar da ake ɗaurawa a jikin gini domin ta tare abin da ya suɓuce daga sama, da yadda ake ɗaura ta, da kuma abin da ba za ta iya yi ba.

NAUYI DA TSAWO

Mutane da yawa suna raina ƙaramin abu in ya faɗo, don a hannu ba shi da nauyi. Kuskuren ke nan. Abin da ke faɗowa ƙara gudu yake yi muddin bai taɓa ƙasa ba. Hawa ɗaya na gini yakan kai mita 3, watau kamar ƙafa 10. Mai aiki a kan rufin gini mai hawa uku yana wajen mita 10 daga ƙasa. Abin da ya suɓuce masa daga nan zai iso ƙasa cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ko ƙasa da haka, yana gudun kilomita 50 a awa, gudun mota a cikin gari. Daga mita 20 kuwa daƙiƙa 2 zai yi, gudunsa ya kai kilomita 70. Kafin wanda ke sama ya buɗe baki ya ce “a kauce”, kafin na ƙasa ya ji ya ɗaga kai ya gane ta ina abin yake zuwa, an gama. Saboda haka ihu ba kariya ba ne.

Akwai lissafi mai sauƙi wanda kowane shugaban leburori zai iya yi da ka. Ƙarfin bugun abu yana tafiya ne da nauyinsa sau tsawon da ya faɗo. A ƙa'idar ƙasashen Turai, ana gwada hular kwano ta ma'aikata ta hanyar sako mata ƙarfe mai kilo 5 daga tsawon mita 1. Biyar sau ɗaya, biyar ke nan. To, gudumar kafinta mai kilo 1 in ta faɗo daga mita 10, ɗaya sau goma, goma ke nan, ninki biyu na abin da aka gwada hular da shi. Bulo mai inci 9 yakan kai kilo 20 ko fiye. In ya faɗo daga wannan tsawo, lissafinsa 200, ninki 40 ke nan. Ba a ma zancen buhun siminti mai kilo 50, ko guntun rodi wanda ke saukowa a tsaye kamar mashi.

Wannan lissafi ba ya nufin a yar da hular kwano. Tana ceton rai kullum daga tsakuwa da ƙusa da gefen katako. Abin da yake nunawa shi ne hula ita ce kariya ta ƙarshe, ba ta farko ba. Daɗin daɗawa, mai wucewa a lungu ba shi da hula ko kaɗan.

Wani abin lura kuma, abu ba lalle ne ya faɗi a gindin bango ba. In ya bugi bakin taga ko sandar sikafol a hanya, sai ya yi tsalle waje. Abin da ya baro sama da ɗan gudun tafiyar mutum mai sauri zai iya sauka mita 2 ko 3 nesa da ginin, kuma lunguna da yawa faɗinsu bai wuce haka ba. Kwanon rufi da falankin katako kuwa iska ke tuƙa su, ba wanda zai ce ga inda za su sauka.

RAGA IRI-IRI CE

Ana yawan haɗa abubuwa biyu da suna ɗaya, alhali aikinsu ya bambanta.

Ta farko ita ce ragar tare mutum. Ana saƙa ta da igiyar roba mai ƙarfi, idanunta manya, a shimfiɗa ta a kwance ƙarƙashin inda ake aiki, domin in ma'aikaci ya zame ya faɗa cikinta. Tana miƙewa ta lotsa da shi, ta shanye ƙarfin faɗuwar sannu a hankali. Idonta a ƙa'idar Turai bai wuce santimita 6 ko 10 ba, a ta Amurka kuwa bai wuce santimita 15 ba. Ke nan ƙusa da tsakuwa da sifana da guntun rodi duk za su zurare ta cikinta kamar babu ita.

Ta biyu ita ce ragar tare tarkace, wadda wannan bayani ya fi shafa. Idanunta ƙanana ne ƙwarai, galibi koriya ce ko shuɗiya, ana sayar da ita a naɗe kamar bandirin yadi. Ita ake rufe fuskar sikafol da ita daga sama har ƙasa, sikafol kuwa shi ne sanduna da katakon da magina ke haɗawa a jikin gini su tsaya a kai. Aikinta ta tsare ɓarɓashin bulo, da filasta, da ƙananan kayan aiki, su gangaro ta ciki maimakon su fita titi. Tana kuma rage ƙura. Amma ba a yi ta domin ta riƙe mutum ba. Wanda ya jingina da ita yana zaton bango ce, zai fita da ita. A bayanta lalle ne a sami sandar dogara mai ƙarfi daidai ƙugun mutum, wajen mita 1 daga katakon da ake takawa, da wata a tsakiya.

Inda ake bukatar duka biyu, sai a shimfiɗa mai ƙananan idanu a bisa mai manya, ɗaya ta tare mutum, ɗaya ta tare ƙusa.

Akwai kuma wata dabara, ita ce a fito da sanduna daga jikin ginin a karkace, bakinsu na kallon sama kamar buɗaɗɗen faifai, a shimfiɗa musu raga ko katako. Duk abin da ya faɗo daga hawan sama sai ya sauka a kai ya gangaro wajen bango. Yayin da ginin ke tashi, ita ma ana ɗaga ta tana bin sa.

Gidan sauro ba ya cikin wannan lissafi, haka komar masunta, haka tsohon buhu da aka ɗinke. Tamfol kuwa yana tare ƙura da ɓarɓashi, amma yana da wata illa babba wadda za a zo kanta a wajen zancen iska.

LABARIN WATA GADA

Labarin da ya fi nuna amfanin raga da iyakarta a lokaci guda ya faru ne a Amurka, wajen ginin gadar Golden Gate ta birnin San Francisco, wadda aka fara a 1933 aka buɗe a watan Mayu 1937. A wancan zamani masu irin wannan aiki sun saba cewa kowace dala miliyan ɗaya da aka kashe tana tafiya da ran ma'aikaci ɗaya, gadar kuwa kuɗinta ya kai dala miliyan 35. Babban injiniyan aikin, Joseph Strauss, bai yarda da wannan lissafi ba. Ya tilasta wa ma'aikata sa hular kariya, sa'an nan ya sa aka kashe dala 130,000 aka shimfiɗa raga ƙarƙashin gadar, ta fito ƙafa 10 ta kowane gefe. Mutum 19 suka faɗa cikinta suka tsira da ransu. An kuma lura aiki ya ƙara sauri, domin wanda hankalinsa ke kwance ya fi wanda ke rawar jiki aiki.

Ranar 17 ga Fabrairu, 1937, saura 'yan watanni a gama, sai wani dandamali mai nauyin kimanin tan 5 ya ɓalle ya faɗa cikin ragar. A kansa ne ma'aikata ke tsayawa suna cire katakon da aka zuba kankare a kai. Ragar ba ta iya da wannan nauyi ba, ta yage ta tafi da shi. Mutum 12 suka faɗa ruwa, 10 daga cikinsu suka mutu. Kafin wannan rana mutum ɗaya tak aka rasa a aikin duka.

Ragar da ta ceci mutum 19 ita ce ta kasa riƙe tan 5. Kowace raga tana da iyakar nauyin da aka yi ta dominsa, kuma wajibi ne wanda ya saye ta ya tambayi wannan iyaka ya sanar da ma'aikatansa. Ya kamata magina su lura kuma da irin aikin da ake yi sa'ad da abin ya auku, watau cire katakon kankare. Wannan aiki ne da ake yi a kowane gini mai dekin a Pantami da sauran wurare, kuma a ranar ne katako mai ƙusoshi da sandunan tokare suka fi zubowa.

Haka nan akwai hatsarin da raga ba ta da ta cewa a kansa sam. Ƙugiyar ɗaga kayan da iska ta kayar a Masallacin Harami na Makka ranar 11 ga Satumba, 2015, ta kashe mutum fiye da 100, har da alhazan Nijeriya. Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya kashe fiye da mutum 40. Maganin irin waɗannan yana wajen injiniya da ingancin kayan gini da hukumar da ke ba da izini. Kada koriyar raga a jikin gini ta sa kowa ya ɗauka ginin kansa ya inganta.

KAFIN A KAI GA RAGA

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Abin da bai faɗo ba, ba ya bukatar a tare shi, kuma yawancin matakan hana faɗowar ba su cin kuɗin kirki.

Na farko shi ne katakon gefe. A bakin kowane dandamalin da ake takawa, a kafa falanki a tsaye, tsawonsa kamar santimita 15, watau inci 6, domin ƙafa kada ta shuri cokalin gini ko guntun bulo ya gangara. Wannan falanki ɗaya yana hana ɓarna fiye da yadda ake zato, amma shi ne abin da aka fi mantawa da shi. A kuma haɗa katakon dandamali ya matse, kada a bar tsaga a tsakani.

Kada a tara bulo a bakin dekin, kada kuma tarin ya fi katakon gefe tsawo sai an kare shi. Guduma da sifana da tef a ɗaura musu igiya a wuyan hannu ko a ɗamara. Ƙusoshi a jaka, ba a baki ko a bakin taga ba. In an tashi aiki da yamma, a share dandamali, a danne kwanon rufi da falankai a ɗaure su, domin iskar dare ba ta sallama.

Sai al'adar jifa. A wurare da yawa lebura na ƙasa yakan cilla bulo ko kwanon sarki sama, na sama ya cafe, in an juye kankare kuma a wurgo kwanon ƙasa. Masu yin haka gwanaye ne, ba a musu. Amma ranar zuba dekin kwanon yana hawa yana sauka sau ɗaruruwa tun safe har la'asar, hannu ya gaji, siminti ya sa shi santsi, kuskure ɗaya kuwa ya isa. Igiya da bokiti da ƙaramar gargare sun fi. Baraguzai kuma kada a sheƙo su daga sama da shebur. A haɗa tsofaffin durom da aka fasa gindinsu, ɗaya cikin ɗaya, su zama maƙogwaro daga hawan da ake aiki har ƙasa, a killace bakinsa.

YADDA AKE ƊAURA TA

Raga ba ta fi abin da aka ɗaura ta a jiki ƙarfi ba. In sikafol na gora ne ko sandunan daji da aka haɗa da ƙusa ɗaya-ɗaya, sai a fara gyara shi tukuna. Ƙasar Gombe mai yashi ce a wurare da yawa, kowa ya ga yadda ruwa ke cin ta yana yin kwari a cikin gari. Saboda haka ƙafar kowace sanda ta zauna a kan falanki mai faɗi, ba a kan bulo ko dutse ba, a kuma duba ta bayan kowane ruwan sama.

Ragar fuska ana ɗaura ta ne ta cikin idanun da masu yin ta suka tanada a gefenta, kusa da kusa, ba a kusurwa huɗu kaɗai ba. Inda ƙyalle biyu suka haɗu, ɗaya ya hau kan ɗaya a ɗinke su, domin ta tsaga tarkace ke fita. Ƙasanta kuma a kama shi da katakon gefe, in ba haka ba abin da ta tare zai zurare ta gindi ya faɗa kan wanda ake son karewa.

Game da ragar kwance, ƙa'idodin ƙasashen da suka daɗe da amfani da ita sun ba da adadi. A Turai ba a yarda faɗuwa cikinta ta wuce mita 6 ba, a Amurka kuwa iyakar ita ce ƙafa 30, watau mita 9 da 'yan kai, amma duka biyu sun ce a matso da ita kusa da wurin aiki iyakar iyawa. Ƙa'idar Amurka ta ƙara da cewa in ragar tana ƙasa da wurin aiki da mita ɗaya da rabi, ta fito waje aƙalla mita 2.4; in nisan ya kai mita 3, ta fito mita 3; in ya wuce haka, ta fito mita 4. Dalili shi ne abin da aka faɗa a baya, abu yana ƙara nisa da bango gwargwadon daɗewarsa a iska. A ƙarƙashinta kuma a bar sarari, domin tana lotsawa. Ragar da ke da tarin bulo ko tsinin rodi dab da cikinta ba ta ceci kowa ba.

Suna gwada ta da buhun yashi mai kilo 180, a sako shi daga saman wurin aiki, bayan an ɗaura ta, da duk sa'ad da aka matsar da ita ko aka yi mata babban gyara, da kuma kowane wata 6 in tana wuri ɗaya. Ana duba ta kowane mako. Duk abin da ya faɗa ciki a kwashe shi kafin a koma aiki, don tarkacen da aka bari yana ƙara mata nauyi, wanda ya faɗo kuma a kansa zai sauka. Buhun yashi da igiya ba su gagari kowane ɗan kwangila a ƙasar nan ba.

ISKA, RANA DA WUTA

Abokan gāban raga uku ne, kuma dukansu suna nan Arewa.

Sikafol tsirara iska ratsa shi take yi ta wuce. Da an lulluɓe shi da raga ya zama abin da iska ke turawa, in tamfol ne kuwa ya zama bango sosai. Ƙarfin turin iska ba ya tafiya daidai da gudunta: in gudun ya ninka biyu, turin ya ninka huɗu. Mutanen Gombe sun san guguwar farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, wadda ke ɗaye rufin gidaje da makarantu. Sikafol mai raga wanda ba a ƙara masa maɗauri a jikin ginin ba, irin wannan iska na iya kwantar da shi ɗungurungum a kan titi, abin da aka sa don kariya ya zama shi ne masifar. Saboda haka kafin a rataya raga a ƙara yawan wuraren da aka kama sikafol da bango ko ginshiƙi, injiniya ne kuma zai faɗi adadinsu. In hadari ya haɗo, a sauko da ma'aikata, in da hali a naɗe ragar sama a ɗaure. A kuma lura da wayar lantarki, wadda a unguwanni irin Pantami takan bi dab da bango.

Rana kuwa a ɓoye take ɓarnarta. Zafinta yana cin igiyar roba har ta yi rauni alhali a ido tana nan lafiya. Don haka ne masu yin ragar tare mutum a Turai suke liƙa mata 'yan guntaye na gwaji, a yanke ɗaya kowace shekara a auna ƙarfinsa. Inda babu wurin awo, ragar da ta koɗe, ko take zubar da gari in an murza ta, ko take tsinkewa in an ja da hannu, ta gama aiki. Wannan abin lura ne musamman ga masu sayen tsohuwar raga da aka shigo da ita daga waje. In an sauke raga a wanke mata siminti, a shanya ta a inuwa, a ajiye ta a ɗaki.

Zancen wuta ya fito fili ranar 26 ga Nuwamba, 2025, a unguwar Tai Po ta Hong Kong. Ana gyaran wasu dogayen benaye 8 na zaman jama'a, an kewaye su da sikafol na gora an lulluɓe da koriyar raga. Wuta ta tashi ta bi jikin gine-ginen ta kama 7 daga cikinsu, mutum fiye da 150 suka mutu. Masu bincike sun tarar wani sashe na ragar bai cika ƙa'idar jure wuta ba, ga kuma allunan soso da aka toshe tagogi da su. Raga iri biyu ce a kasuwa, mai jure wuta da marar jurewa, a ido kuwa kusan ɗaya suke, sai dai ta biyun ta fi araha. Mai saye ya nemi shaidar masu yin ta. Ko da wace iri ce, kada mai walda ya yi aiki kusa da ita ba tare da an kare tartsatsi ba, kada kuma a hura wutar girki ko a ƙona shara a gindinta. In da mutane zaune a ginin da ake gyara, kada raga ta rufe musu hanyar fita.

MUTANEN ƘASA

Ko an yi duk abin da aka lissafa, sai an nisantar da mutane daga gindin gini. A kewaye wurin da langalanga, a bar ƙofa ɗaya. Inda lungu ya matse har ba yadda za a yi a tare shi, sai a yi wa masu wucewa rumfa mai rufin katako mai kauri, ba kwano kaɗai ba. A birnin New York, bayan wani guntun gini ya faɗo ya kashe wata ɗaliba a 1979, an kafa doka a 1980 wadda ta tilasta a riƙa duba fuskar dogayen gine-gine duk shekara 5, kuma rumfunan da baƙo ke gani a bakin titunan birnin domin kare masu tafiya a ƙasa aka yi su.

Allon gargaɗi yana da kyau, amma yaro ɗan shekara 6 ba ya karanta allo, makaho ma haka. A ranakun hatsari, watau ranar zuba dekin, da ranar cire katako, da ranar ɗora rufi, a sa mutum ɗaya a ƙasa wanda ba shi da wani aiki sai tsare hanya. A sanar da mai unguwa da maƙwabta tun jajibiri, domin a janye yara da dabbobi da murhu daga jikin katanga. A zaɓi sa'ar da ba ta tashin makaranta ba ce, ba kuma ta fitowa daga masallaci ba.

'Yan mata masu tallan abinci su ne suka fi kowa shiga wannan hatsari, domin su ke kawo wa leburori shinkafa da wake da kunu, kuma inuwar da suke samu ita ce ta gindin sikafol. Korarsu ba ita ce magani ba, za su dawo. A ware musu wuri nesa da bango, ma'aikata su sauko su same su can.

Maƙwabcin da ya ga tarkace na zubowa gidansa yana da haƙƙin ya yi magana tun kafin a ji ciwo. Ya fara da shugaban aikin, in bai ji ba ya je wurin mai ginin tare da mai unguwa, in abin ya faskara ya kai ƙara ofishin hukumar tsara birane ta jiha, wadda ita ke ba da izinin gini.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Nijeriya ta amince da Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan lafiyar ma'aikata a wurin aiki a 1994, ta kuma amince da ta 187 a 2022. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da sashe mai kula da wannan fanni, da ofisoshi a jihohi. An fito da Ƙa'idar Gini ta Ƙasa a 2006. Injiniyoyi suna rajista da hukumar COREN wadda aka kafa a 1970, ƙwararrun magina kuma da CORBON wadda aka kafa a 1989, kuma mai gini yana da ikon ya nemi ganin shaidar rajistar wanda zai danƙa wa aikinsa.

Dokar Inshora ta 2003 ta wajabta wa mai gina abin da ya wuce hawa biyu ya yi inshorar da za ta biya ma'aikaci ko mai wucewa in aikin ya jawo musu rauni ko mutuwa, ko ya ɓata dukiyar wani. Sabuwar dokar inshora ta 2025, wadda ta maye gurbinta, ta ci gaba da wajabta inshorar gini. Kuɗin raga da katakon gefe da shinge kuwa ya kamata a rubuta su cikin takardar kwangila tun farko, layi guda kamar siminti da rodi. Abin da ba a rubuta ba, shi ɗan kwangila ke fara zaftarewa in kuɗi ya yi kaɗan.

Ga ma'aikacin da ya ji rauni, akwai Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. Mai ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya, ba a cire ko kwabo daga ladan ma'aikaci. Dokar ba ta tsaya ga masu albashin wata ba, ta haɗa da ɗan koyo da mai aikin wucin gadi da leburan yini. Wanda ya ji rauni, ko iyalinsa in ya rasu, su sanar da mai aikin cikin kwana 14. Shi kuma mai aikin ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7 da aukuwar raunin. Takardar neman diyya a shigar da ita kafin shekara ɗaya ta cika daga ranar hatsarin, a kuma adana katin asibiti da sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu.